Giɓin da ke Kusurwar Hagu

Samfurin littafin ya zaga hannun mutum shida a ofis, kowa yana yaba ƙyallin takardar, kafin ya iso teburinta. Ita kaɗai ta lura an cike giɓin.

A shafi na goma sha biyu akwai ɗan zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, bai wuce girman kwalin ashana ba. Alama suke kiransa. In ɗalibi ya haska shi da kyamarar waya, sai zuciyar mutum ta taso a fuskar wayar tana bugawa, kamar an ɗora ta a kan shafin. Shekara biyar ke nan tana zana irin waɗannan alamomi, kuma duk wadda ta zana sai ta gutsure mata kusurwar hagu ta ƙasa, har abokan aiki suka laƙaba mata Anti Giɓi. Da giɓin nan waya ke gane ina ne sama, ina ne ƙasa. In kusurwoyin huɗu suka zama iri ɗaya, sai ta koma canke.

Zane gadonta ne. Babanta allunan shaguna yake rubutawa, mutumin da zai goge aikin wuni guda don harafi ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo. Har yau in ya ga alamominta yakan ce da ya san ƙarshen karatun jami'ar ke nan, da ya bar ta tana wanke masa buroshi. Amma shi ya koya mata a gwada allo daga tsallaken titi, inda mai karanta shi zai tsaya.

Ba ta da yawan magana. A taro sai an ce ta maimaita. Ranar dai ta ɗauki samfurin ta shiga wajen Manaja ba tare da an kira ta ba. Ya ce shi da kansa ya sa masu ɗab'i su cike wurin, don kamar ɓera ne ya ci littafin. Ya gwada da wayarsa, lafiya lau. Bayan azahar injin zai fara buga kwafi dubu goma, sa hannunta kawai ake jira.

"Ko ki sa hannu, ko ki ajiye mini makullin ofis."

Ta buɗe jaka, ta ciro makullin ta ajiye.

"Ga shi, Yallaɓai. Amma yaran nan wayar uwarsu za su ara, ba taka ba."

Ta leƙa waje ta roƙi Iya mai shara ta shigo da wayarta, tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, an ɗaure bayanta da roba. Iya ta tsaya bakin taga, ta riƙe littafin a karkace yadda ya zo mata. Zuciyar ta fito ƙasa a sama. Ta juya, ta sake juyawa, tana makyarkyata. Da hasken rana ya faɗa kan takardar mai ƙyalli, sai ta yi ɓatan dabo.

"Allah ya jiƙan mai ita," in ji Iya.

Sakatariyar Manaja, da ke tsaye bakin ƙofa, ta toshe baki don dariya ta fice. Anti Giɓi ta yago ɗan gefen farar takarda ta rufe kusurwar hagu, ta kare hasken da tafinta. Zuciyar ta dawo ta tsaya cak, tana bugawa.

Manaja ya daɗe yana kallo. Ya ce to, a mayar da giɓin, amma takarda mai ƙyalli ta zauna, ita ke jan idon masu saye. Ya turo mata makullin. Ba ta ɗauka ba. Ta ce ba kowane aji ke da labule ba, kuma ba ta da tafi dubu goma da za ta bi yara da su.

Ya ja tsaki, ya kira masu ɗab'i, ya balbale su da faɗan wa ya ce su taɓa zane, ya ce kuma a sauya takarda. Bai dube ta ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Da ta ji an amsa daga can, sannan ta mayar da makullin jaka.

Ta koma teburinta, ta lalubo sabuwar roba a durowa, ta sauya wa Iya wadda ta saki a bayan wayar.