Ruwan Rijiyar Jekadafari

Ko na manta komai na shekarun da na yi ina kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a wata sakandare a Gombe, ranar jarrabawar nan ba za ta fita daga raina ba. Zamanin kuɗin mai ne, an cika mana ɗaki da kwalabe da sinadarai, amma famfo sai ya yi sati bai kawo ruwa ba.

Yadda jarrabawar take, a ba ɗalibi farin gishiri marar suna, ya narkar da shi a tataccen ruwa, ya gano irinsa. In ya ɗiga sinadarin da muke kira ruwan azurfa abin ya yi fari kamar kindirmo, to irin gishirin da ake kira kuloraid ne. Ana gobe za a shiga, injin tace ruwanmu ya mutu. Ni da girman kai, ban gaya wa kowa ba. Na ɗebo ruwan rijiyar gidanmu a unguwar Jekadafari, na tace da ƙyalle, na cika kwalabe. A ido garau yake, na manta ruwan rijiya da nasa gishirin yake tafe.

Gishirin da aka ba su naitret ne, bai kamata ya yi fari ba, amma na kowa ya yi. Wata yarinya 'yar ƙasar Tangale, wadda ta fi kowa kai a ajin, burinta karatun haɗa magunguna, ta ɗiga ruwan azurfa a ruwan zalla. Shi ma ya yi fari. Ta ɗaga hannu.

"Malam, ruwan nan fa ba shi da kyau."

Mai sa ido kan jarrabawar ya juyo ya dube ni. Na tuna aikina da 'ya'yana.

"Ruwa lafiyarsa ƙalau," na ce. "Ke ce ba ki wanke kwalbarki ba."

Ta yarda da ni, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta wanke, ta sake gwadawa, ta sake wankewa, har lokaci ya ƙare, rabin takardarta ba rubutu. Ta faɗi jarrabawar, a gida kuma babu halin maimaitawa.

Bayan shekaru na gan ta a Kasuwar Gombe tana auna hatsi. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce, "Malam, ashe kaina ne bai ja ba." Na yi mata sallama na wuce.

A nan na gane cewa ƙaryar da mutum ya yi don ya tsira ba ɓacewa take yi ba, wani ne yake ɗauke da ita, har ya yarda laifinsa ne. Har yau ban gaya mata ba.