Ƙulli Biyu a Bakin Mayafi

A wani kemis da ke Yalwawa na ga wata mata, ina jiran a ba ni maganin mura. Siririya ce, ba za ta wuce shekara arba'in ba, lallen hannunta ya koɗe irin na mai yawan wanki. Tana kwance ƙulli biyu a bakin mayafinta. A cikin kowanne akwai ƙwayoyi farare ƙanana, babu kwali, babu leda.

"Malam, ƙullin dama na Baba ne, na ciwon suga. Na hagu na Inna ne, na hawan jini," in ji ta. "Yau da safe ban san ta wace fuska na yafa mayafin ba. Sai da suka haɗiye na tuna."

Mai kemis ya juya ƙwayoyin a tafin hannunsa. "Hajiya, idan Inna ce ta sha na suga, akwai haɗari. Ta ci abinci?"

"Koko kawai ta kurɓa."

"Kira gida, a ba ta abu mai zaƙi, a wuce da su asibiti."

Ina jin Baba da Innar nan surukanta ne, kuma ita kaɗai ke ɗawainiya da su, da wannan dabarar da ba ta taɓa ba ta kunya ba sai yau.

Ta ciro 'yar wayarta ta kira. Duk muna jin kiran yana shiga, har ya katse ba a ɗauka ba. Ta sake kira, ɗaya hannun ya damƙe bakin mayafin.