Dalhatu Mai Gurmi, Wanda Bai Sa Sunansa A Waƙa Ba

Tun kakar bara wata magana ta same ni a rumfar masu gyaɗa ta kasuwar Ajingi, wai an yi rubutu a intanet kan waƙar Dalhatu, har mutanen Kano suna cigiyar mai ita. Kabo direba ne ya kawo ta, ya ce a bakin wani fasinja ya ji. Shi kuwa Kabo ya taɓa rantse min cewa motarsa ba ta mutuwa a hanya, a lokacin kuma tura ta muke yi. Na ce masa to, na ci gaba da cin gorona.

Yau ga ni ina rubutu, Dalhatu ba ya nan. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ya cika ranar Laraba, tara ga watan Safar, a gidansa na Toranke, bayan zazzaɓin da ba wanda ya ɗauka na tafiya ne. Ya bar matarsa Muslima da 'ya'ya huɗu, da gurminsa a rataye a zaure.

Dalhatu ɗan ƙanena, waƙarka ta gona ce. Shekarar da mijin wata baiwar Allah mai suna Hure ya kwanta ciwo ciyawa ta cinye masa gyaɗa, kai ka bi gida-gida da gurmi har ka tara gayya. Kana bayan masu noma kana kiran sunan kowa da na ubansa, ragon cikinsu ma sai da ya ji kunya ya sunkuya. Da aka tashi, kunu kawai ka sha ka tafi.

Ba ka da kamfani, ba ka da ubangida. A wani ɗan ɗakin ɗaukar murya a Gaya ka yi waƙoƙinka. Burinka ɗaya ne, ka sha faɗa min: wani ya rubuta cewa an yi waƙar gayya a ƙasar nan, an kuma yi mai yin ta, kafin injin noma ya kore ta. Sai aka ba ka lambar wani Suhaibu a Kano, mai shafin da ke rubutu kan mawaƙa, wanda in ya ambaci mutum gidajen rediyo ke nemansa.

Kai kuwa ka tunkare shi kamar mai zuwa gaida surukai. Sai ka sa hula, ka gyara zama, sannan ka danna waya ka aika saƙon murya: sallama, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa a wajenku, yaya masu jiki. In ka gama sai ka ce, "To, sai na sake leƙowa." Samarin gari suka yi ta gaya maka cewa ba haka ake yi ba. Suka ce ka tura waƙar, da sunanka, da hoto, da magana layi biyu, shi ke nan. Na tuna amsarka.

"Baffa, mutumin da ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, da roƙo zan fara masa?"

Har ƙullin gyaɗa ka ba Kabo ya kai masa. Kabo ya zaga Kano da ita bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, ya dawo da abin da karen mota ya rage.

Ita kuwa waƙar ba ta jira ka ba. Masu tura waƙa a waya sun yaɗa ta. Sai dai mawaƙan yanzu da sunansu suke buɗe baki, kai kuma ka lissafo manoma tun daga Toranke har Balan, da matar da ta kawo kunu, ka tsallake kanka. Da Kabo ya kai maka labarin rubutun, dariya ka yi. Ka ce Suhaibun da bai amsa gaisuwarka ba, ina zai san waƙarka?

Ranar sadakar uku wani baƙo ya yi sallama, ya cire takalmi ya zauna kusa da ni. Ya ce shi ne Suhaibu. Ya ce waƙar ta zo masa ba suna, ya yi rubutu a kanta yana roƙon duk wanda ya san mai muryar ya sanar da shi. Sai da wani ya sa sanarwar rasuwarka tare da waƙar da lambar wayarka, ya kwafi lambar don ya yi ta'aziyya, ya tarar tana cikin wayarsa, saƙonninka jere ba a buɗe ba. Na farkon kawai ya taɓa buɗewa. Da ya ji gaisuwa ta yi tsawo, ya zaci mai neman taimako ne, ya rufe.

A mota, a hanyarsa ta zuwa, ya saurare su duka. Ya kunna mana na ƙarshe. Bayan ka tambayi iyali da ruwa, ka yi gyaran murya ka ce, "Malam Suhaibu, sunana Dalhatu. Ina ɗan taɓa waƙa." Muslima tana bayan ƙyaure tana ji.

Allah Ya jiƙanka, Dalhatu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka kira sunan kowa da alheri, Allah Ya sa a kira naka cikin masu rabo. Muslima, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ina miƙa ta'aziyya ga dangi da mutanen Toranke, da duk wanda ya taɓa noma a gaban gurmin nan.

Kabo kuma, Allah Ya huci zuciyarka, wannan karon gaskiyarka ce. An yi rubutun, an yi cigiyar, kana raye Dalhatu. Wanda ya faɗa min na ƙarshe shi ne Suhaibu da bakinsa, a kan tabarmar zaurenka, a ƙarƙashin gurminka.