Tabon da aka ɗora wa lallena

Shekarun baya, yayana ya rushe tsohon gidanmu na Gwale ya tayar da bene, har da kwamin iyo a tsakar gida, mai farin tayil. Ni sana'ata ƙunshin amare, kuma ranar Asabar nakan kai 'ya'yana mata su yi wasan ruwa da nasa.

Wata Asabar muka tarar da shi tsaye a bakin kwamin, fuska a murtuke. Wani tabo ja-ja ya bi matakalar kwamin da gindin bangonsa.

Ya ce, "Kin ga aikin lallenki? Kullum yaranki ƙafa jawur suke faɗa mini ruwa."

Na ce, "Yaya, lallen da ya kama fata ai ba ya zuba."

Ya ce, "To daga sama ya faɗo? Kada su ƙara shiga."

A gaban yaran ya faɗa. Ƙaramar 'yata tana riƙe da tawul ɗinta, ta kalle ni.

Don in wanke kaina, da aka zubar da ruwan na shiga da soso da bilic. Ni da ko a kududdufi ban taɓa tsoma ƙafa ba, ga ni durƙushe cikin kwamin masu kuɗi ina gurza har gwiwata ta saluɓe. Tabon ko gezau.

Sai da aka sake cikawa tabon ya ƙaru, alhali yarana sun yi wata biyu ba su leƙa ba, sannan yayana ya kira mai gyara. Matarsa ce ta ba ni labari. Mutumin ya goga ƙwayar bitamin si a kan tabon, wurin ya yi fari tas. Ya ce tsatsa ce: ruwan rijiyar burtsatsen gidan yana da ƙarfe, in ya haɗu da maganin ruwa sai ya kama tayil. Aka sa abin tace ruwa, aka zuba magani, magana ta ƙare.

Na zauna jiran yayana ya kira ni ya ba ni haƙuri. Da sallah muka haɗu, ya ce, "Ina yaran? Kin hana su zumunci."

Muna gaisawa har gobe, ciki ɗaya muka fito. Amma na gane cewa in abu ya ɓaci a gidan mai hali, ɗan'uwa talaka ake fara dubawa. Ƙaramar yanzu tana jami'a. In muka biyo ta layin gidansa, ita ke fara cewa, "Umma, mu wuce kawai."