Ranar da Surukina Ya Tarar da Ni a Rataye

Ina rataye a jikin ƙarfen da na kafa bayan gidanmu a Yako, jiki a miƙe sambal kamar katako, fuska na kallon sama, sai na ji an ce, "Sannu da aiki."

Baban yarinyar da zan aura ne, da fartanya a kafaɗa.

Ga inda matsalar take: jiya aka yi gayyar noma a gonarsa, ni kuma na aika cewa kafaɗa ta riƙe ni. Ban yi ƙarya ba. Bak liba ce ta ja min, wato ratayar da ake yi hannuwa ta baya, fuska na kallon ƙasa. Ta fi saurin koyuwa, amma tana cin kafaɗa. Shi ya sa na koma furon liba, wato ta kallon sama, mai cin ƙarfin baya da ciki, wadda na yi wata bakwai ina nema. Sai yau ta zauna, kuma sai yau Allah ya kawo min ɗan kallo.

Na diro, na durƙusa, na gaishe shi.

"Baba, motsa jiki ne."

"Na gani. Ashe kafaɗar taka fartanya kawai take ƙi. Idan ka gama shanya kanka, a kwashe ka kafin ruwa ya sauko."

Ya wuce abinsa.

Masu gardamar wacce ta fi tsakanin bak liba da furon liba, ni dai na yanke hukunci: bak liba. Aƙalla da a ita aka same ni, da ba mu haɗa ido ba.

Jama'a, yanzu da wace fuskar zan je gaisuwar Juma'a?