Malama Jan Biro da Shafin Aikin Gida

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi a makarantarmu, kuma ba a taɓa ganin jakarta babu jan biro maƙale a bakinta ba, shi ya sa yara da malamai duk Malama Jan Biro muke ce mata. 'Yar tela ce, a shagon babanta ta iya ƙirga maɓallai tun kafin ta iya rubuta sunanta. Mijinta ya rasu da wuri, da allin nan ta raini 'ya'ya huɗu har kowa ya kama gabansa. Teburinta yana jikin tagar ɗakin malamai, kullum littattafan yara sun yi tsiri a kansa.

Ni kuwa malamin kwamfuta ne, ɗan bana-bakwai, kaina yana hayaƙi. Ni na kawo shawarar a mayar da aikin gida kan wani shafin intanet a zangon ƙarshe na shekarar. Ranar Litinin a haska tambayoyin a bangon aji, yara su amsa ta waya a gida, shafin ya yi maki da kansa, ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a ya rufe. Shugaban makaranta ya yi na'am, malamai suka huta da dakon littattafai. Malama Jan Biro kaɗai ta taɓe baki.

"Ɗana, abin nan naka maki kawai yake ba ni," ta ce. "Ni kuwa daga rubutun yaro nake gane wanda ya yi da kansa, da wanda yayarsa ta yi masa, da wanda idonsa ya fara ciwo."

"Mama, zamani ne ya zo."

"To, sannunsa da zuwa."

Ta koya dai, don ba ta son a ce ta kasa. Da yatsa ɗaya take danna kwamfutar kamar mai kashe kiyashi, ta kuma rubuta kalmar sirrinta ɓaro-ɓaro a bangon rajista. Mun sha dariya a bayan idonta, ni ne ma kan gaba.

Ƙarshen shekara aka fitar da sunayen masu maimaita aji. A ciki akwai wata 'yar aji biyu mai zama a layin baya, 'Yar Shiru suke kiranta. Ta yi ƙoƙari a jarrabawa, amma sifili goma sha ɗaya na aikin gida a zangon ƙarshe suka ja ta ƙasa. Sa hannun Malama kawai ake jira. Ta ajiye takardar, ta jawo kujera kusa da ni.

"Buɗe mini shafinta. Ba makin ba, shi na gani. Babu inda yake nuna ko ta taɓa leƙawa?"

Akwai wurin, ni ne dai ban taɓa buɗe shi ba, don ban ga amfaninsa ba. Na danna. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar tana bin layi ɗaya bayan ɗaya, yadda take bin littafin yaro. Asabar, ƙarfe tara na safe. Asabar ta gaba, tara da kwata. Haka har ƙasa. Duk mako yarinyar tana shiga, duk mako shafin yana ce mata lokaci ya wuce.

"Wa ya sa Juma'ar?" ta tambaya.

Na ce ni ne. Ba wani dalili gare ni ba, so nake in tafi hutun mako da maki a kammale. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Aka kira 'Yar Shiru. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. Da ƙyar muka ji cewa waya ɗaya ce mai intanet a gidansu, ta babanta, shi kuma direban babbar mota ne, sai Asabar yake dawowa. Ta ciro wani littafi daga jaka. Duk tambayoyin da aka haska a bango ta kwafe su, ta amsa a ƙasan kowace, tana jiran ranar da shafin zai karɓa. Malama ta zare bironta, a nan take ta bi su shafi-shafi. Da ta gama ta soke sunan yarinyar daga takardar, ta ce ita za ta yi wa shugaban makaranta bayani.

Yarinyar ta juya za ta fita, na kasa haƙuri.

"Me ya hana ki faɗa mana tun farko?"

Ta ɗago ta dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarta, sai mamaki.

"Malam, ai ku kuka ce duk abin da muka yi a ciki kuna gani. Na ɗauka kun gani ne."