Mai Gadi da Tsintsiya

Kullum da safe wata malamar asibiti tana jiran mota a gaban tashar rarraba wutar lantarki, kullum kuma tana ganinsa: dattijo siriri, kakinsa ya koɗe har ya manta launinsa. Mai gadi ne, amma ba sanda a hannunsa, sai tsintsiya.

Yana share yashin da ke gindin shingen tashar, yana ja da baya yana goge sawun kansa. Kafin ya shafe ko'ina sai ya duƙa ya duba, kamar mai karanta wasiƙa. Tana zaton maharbi ne a da, wanda ciwon gwiwa ya raba da daji.

Yau dai ta kasa haƙuri. "Baba, har da shara aka haɗa maka?"

"A'a, 'yata. Ɓarawon wayar wuta yakan zo leƙe kafin ya zo da almakashi. Ni nakan yi gyangyaɗi, amma ƙasa ba ta yi." Ya nuna wasu 'yan sawu. "Jiya bushiya kaɗai ta kawo mana ziyara."

Ta yi dariya, sai ta tuna jarirai bakwaini uku da ke kwance cikin kwalbar ɗumama jarirai a wurin aikinta. Ɗuminsu daga bayan shingen nan yake fitowa. Ta dubi ƙasa, ashe ta taka masa aiki.

"Yi haƙuri, Baba."

Ya dubi farin kayanta, ya ɗaga tsintsiya ya kewaye sawun. "Bar shi. Wannan na san inda yake zuwa."